Sunan da Ke Jikin Sufana

Wata Asabar da hantsi na ƙudiri aniyar yi wa motata juye da hannuna. Tsohuwar Toyota Corolla ce 'yar Kwatano, ta daɗe tana ɗawainiya da ni da iyalina, ni kuma na gaji da kashe yini guda a gareji a kan aikin da bai wuce na rabin sa'a ba. Na sayo galan ɗin baƙin mai da sabuwar filta, na shimfiɗa kwali a ƙofar gida, na ɗaga gaban motar da jak, na kutsa ƙarƙashinta riƙe da tsohon kwano. Kayan aikina sababbi ne fil: sufanoni 12 jere a cikin jakar leda, waɗanda na saya a hannun wani mai talla a cikin cunkoson motoci. Sai ɗaukar ido suke yi kamar azurfa, an buga musu sunan wata ƙasar Turai a gadon baya, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba.

Notin da ke toshe mazubar mai a wannan mota lamba 14 ne. Na zaro sufana mai lamba 14, na saka buɗaɗɗen bakinta a kansa. Tun a nan na ji tana ɗan rawa, amma ban kawo komai a raina ba. Na ja, noti ko gezau. Na ƙara ƙarfi, sai ji na yi ta suɓuce, bayan hannuna ya gwaru da ƙarfen inji, fatar yatsu biyu ta saluɓe. Da na haska fitilar waya, sai na ga kusurwa biyu na notin sun murje, bakin sufanar kuma ya wage. Na sake gwadawa har sau biyu, kowane gwaji ƙara cinye kan notin yake yi, har ya fara komawa mulmulalle.

A layinmu akwai wani dattijo, tsohon bakanike, wanda ya koyi sana'a a zamanin da Fijo 504 ke cin kasuwarta, bayan an buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Yanzu ya bar wa yaransa gareji, sai dai ka gan shi a kan benci a ƙofar gidansa da rediyo a gefe. Shi ne ya hango ƙafafuna a waje, ya taso. Bai tambayi abin da ya sami notin ba. Cewa ya yi, "Malam, fito daga ƙarƙashin motar nan tukuna. Jak kaɗai ka ba wa amanar ranka?" Na fito ina share jini da tsumma. Ya aiki jikansa ya ɗauko masa akwatinsa da wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu, ya tokare motar da su, ya sa duwatsu a bayan tayoyin baya, ya girgiza ta da hannu biyu ya ga ba ta motsa ba, sannan ya ce a ba shi wuri.

Har yau ina ganin akwatin nan a idona. Na ƙarfe ne, fentinsa ya koɗe, marfinsa ya lotsa a gefe guda. A ciki kowane abu da mazauninsa, a kan tsumma mai ɗan maiƙo. Babu abin da ke ƙyalli. Sufanoninsa sun dusashe, daidai inda tafin hannu ke kamawa ya yi sumul saboda shekaru, sunayen da ke jikin wasu ma sai ka karkata su ga rana kafin ka iya karantawa. Ya ɗauki magagari ya ɗan share ƙarfen da ya tattare a kan notin, ya zaɓi soket mai kusurwa 6, ya ɗora, ya ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali har ya zauna daram. Ya saka masa dogon hannu, ya ja zuwa ƙirjinsa sannu a hankali, ba fizga. Sai muka ji ƙas, noti ya saki, baƙin mai ya fara tsiyaya a kwano.

Da aka sayo sabon noti muka kammala juye, sai ya ɗauko wani lafiyayye mai lamba 14 daga akwatinsa, ya sa masa ɗaya kan sufanata da bai lalace ba, ya ce in girgiza. Ta yi ƙwas-ƙwas. Ya sa tasa tsohuwar, ya ce in girgiza. Kamar tare aka ƙera su. Alhali duka biyun 14 aka rubuta musu. Na ce, "Baba, to na wane kamfani zan saya?" Ya yi murmushi ya ce, "Kowa da wannan tambayar yake farawa, ita ce kuwa ta ƙarshe. Fara gaya mini wace mota gare ka, wane aiki za ka iya yi mata da kanka, kuma ranar da ƙarfen ya karye wurin wa za ka koma da shi." Na daɗe ina juya maganar nan. Na yi karatu, na yi tambaya, kuma duk inda na zagaya sai in dawo in tarar da ita tana jirana.

Maganar mota maganar awo ce. Motocin Japan, irin su Toyota da Honda da Nissan, yawancin notocinsu 8 ne da 10 da 12 da 14 da 17 da 19 a ma'aunin milimita. Na Turai, irin su Golf da Fijo, sun fi yawan 10 da 13, sai 16 ko 17, sai 18 ko 19. Ƙusa mai kauri ɗaya, ta milimita 8, mutumin Japan zai yi mata kai mai lamba 12, Bajamushe ya yi mata mai lamba 13. Don haka mai Corolla da ya sayi jerin da babu 12 da 14 a ciki ya yi asarar kuɗinsa, ko da sunan wane ne a jiki. Akwai kuma kayan da aka yi da ma'aunin inci, irin na tsofaffin motocin Amurka, waɗanda kan shigo cikin gwanjo su cakuɗe da sauran. Rabin inci milimita 12.7 ne. Ka ɗora sufana mai lamba 13 a kan notin rabin inci, za ta shiga, ta yi kamar ta kama, ranar da notin ya yi tsatsa ta murje shi. Ratar ba ta kai kaurin farce ba, amma ita ce tsakanin gyara da ɓarna. Kama da wane ba ta wane.

Irin wannan ratar ce ta ci ni. Buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake kamawa, in kuma akwai wasa a tsakani, duk ƙarfin da ka sa a kan kusurwa biyu yake taruwa, kusurwa kuwa nan ne raunin noti yake. Sufana mai zobe tana rungumar notin ta ko'ina, soket mai kusurwa 6 kuma ya fi mai kusurwa 12 riƙe wanda ya cije, don ya fi samun wurin kamawa a gefuna. Shi ya sa ƙwararrun kanikawa ke karya ɗauri da zobe ko soket, sai noti ya saki sannan su juya buɗaɗɗen baki don sauri. Sufana mai daidaita baki, irin wadda Johan Petter Johansson na ƙasar Suwidin ya yi wa rajista a farkon shekarun 1890, tana da rana a aikin famfo da ƙananan gyare-gyaren gida, amma a jikin mota ita ce kan gaba wajen cinye noti, tun da bakinta ba ya rabuwa da ɗan wasa. Hatta sukundireba bai tsira ba. Ƙusoshi masu kan gicciye na motoci da baburan Japan an yanka su da awon da ya ɗan bambanta da na Phillips, wasu ma akan yi musu ɗan ɗigo a kai don a gane su. Motocin Turai na baya-bayan nan kuma cike suke da masu rami mai tsini 6, waɗanda ake kira Torx.

Sai shi ƙarfen kansa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san fartanya biyu kan fito daga ƙarfe ɗaya, wannan ta yi shekaru, waccan ta lanƙwashe a damina guda. Bambancin yana wajen duka da wuta da tsomawa. Sufana ma haka take. Ta kirki sai an gasa ƙarfe ya yi ja, an buga shi a cikin mazubi da katafariyar gudumar inji, an yanke bakin daidai awo, an sake gasawa an tsoma, sannan a mayar da ita wuta kaɗan don gautsinta ya ragu. In tsomawar ta gaza, ƙarfe ya yi laushi, baki ya wage kamar yadda nawa ya yi. In an tsoma ba a sassauta ba, ya yi gautsi, ya tsage farat ɗaya daidai lokacin da ka jingina da dukan nauyinka. Wannan matakin shi ke cin kuɗi da lokaci, shi ne kuma ido ba ya gani, saboda haka shi mai ha'inci yake fara tsallakewa. Za ka ga an buga Cr-V a jikin kusan kowace sufana, alamar an gauraya ƙarfen da sinadaran kuromiyam da banadiyam masu ƙara masa ƙwari. A wurin kamfani mai mutunci wannan shaidar gaskiya ce. Sai dai buga haruffa uku ba ya buƙatar komai illa hatimi da guduma, ƙyallin da ya ja ni kuwa shafe ne na sama-sama.

Tambayar Baba ta biyu, wane aiki za ka yi, ita ce ke tsare aljihu. A Amurka akwai kamfanin Snap-on, wanda Joseph Johnson da William Seidemann suka kafa a Milwaukee a 1920 a kan dabara guda: soket 10 da za a riƙa sauyawa a kan hannuwa 5, su yi aikin sufana 50. Har yau kayansa masu tsada ne ƙwarai, kuma akasari ba a kanti ake sayar da su ba. Dillali ne ke zagaya gareji-gareji da mota duk mako, ya ba da kaya bashi, ya riƙa karɓar biya kaɗan-kaɗan, ya canza wanda ya karye. Ga mutumin da ke juya noti daga safe har magariba, wanda in kayan aikinsa suka tsaya abincinsa ya tsaya, wannan tsada tana da hujja. Ni kuwa da nake buɗe bonet sau biyu ko uku a wata, don juye ko canjin fulogi ko ɗaure kan batir, in na zuba irin wannan kuɗi na tauye haƙƙin tukunyar gidana ke nan. Tsakanin na ƙoli da na leda akwai fili mai faɗi. Taiwan, musamman yankin Taichung, ta shahara da ƙera kayan aiki masu matsakaicin kuɗi da kyakkyawan awo, irin su King Tony da Toptul. China tana ƙera na banza, tana kuma ƙera na ƙwarai, gwargwadon abin da mai oda ya biya. A cikin gwanjo ma akan tsinci tsofaffin sufanonin Jamus da Japan da Faransa waɗanda shekaru suka riga suka gwada. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da mai gyara a gida yake buƙata ba shi da yawa. Sufanoni masu zobe a kai ɗaya da buɗaɗɗen baki a ɗayan, daga 8 zuwa 19. Soket masu kusurwa 6 da hannunsu mai ƙaras-ƙaras, wanda kanikawa ke ce wa racet. Dogon hannu na karya ɗauri, don kada a kashe haƙoran racet ɗin. Soket ɗin fulogi, wanda a ƙananan motoci da yawa 16 ne. Sukundireba kaɗan, filaya biyu, guduma. Gara 'yan kaɗan na ƙwarai da aka tara ɗaya bayan ɗaya, da ƙaton akwati wanda rabin kayansa ba za ka taɓa ɗauka ba, ɗaya rabin kuma ba zai jure ba. Mai lamba 10 kuwa a sayi biyu, domin ita ta fi kowacce aiki, ita ce kuma ta fi saurin ɓata.

Akwai wurin da ba a neman araha ko kaɗan, wato duk abin da ke tsakanin jikinka da nauyin mota. Ƙaramar mota irin tawa ta haura tan guda. Jak ɗin da ke zuwa a but an yi shi ne don sauya taya a bakin hanya, mutum yana gefe, ba don a kwanta a ƙarƙashin abin da ya ɗaga ba. Bulon siminti da wasu ke tokare mota da shi yana iya rugujewa babu gargaɗi. Su kansu ƙafafun ƙarfen sai an duba su da kyau. A 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye kimanin miliyan 1.7 daga cikin waɗanda ya sayar, bayan an gano harshen da ke riƙe su yana iya suɓucewa mota tana kai. Sanannen suna bai hana kuskure ba ke nan. Amma da yake sunan yana da mai shi, an sami wanda ya fito fili ya ce a daina aiki da su, a dawo masa da kayansa. Mai tallan da ya sayar mini da nawa sufanonin, ko fuskarsa ba zan iya tunawa ba.

Kuma babu tambarin da ke gyara hannun da bai san iyaka ba. Notin tayar ƙaramar mota ana so a ɗaure shi da ƙarfin da ya kai wajen 100 zuwa 120 a ma'aunin Nm, wato kamar a rataya kilo 10 ko 12 a ƙarshen sanda mai tsawon mita guda. Mutum mai kilo 70 in ya hau kan sufanar taya mai tsawon rabin mita, kamar yadda muke gani a wurin wasu masu faci, ya ninka wannan kusan sau uku. Ƙarshenta ƙusar taya ta miƙe ko ta tsinke, ko kuma ranar da ka yi faci a daji ka kasa kwance tayar. Sufana mai awon ɗauri, wadda ke yin ƙas in an kai adadin da aka saita mata, ta cancanci kuɗinta, musamman a wajen fulogi, wanda ke shiga cikin alminiyam mai laushi.

Tambaya ta uku ita ta fi daɗewa a raina. Da yawa daga cikin manyan sunayen nan asalinsu sunayen mutane ne. Gedore, wanda aka kafa a garin Remscheid na Jamus a 1919, an harhaɗo shi ne daga farkon kalmomin da ke nufin 'yan'uwa 'yan gidan Dowidat na Remscheid, su uku. Hazet, a wannan garin dai tun 1868, haruffan farko ne na sunan Hermann Zerver. Mutum in ya buga sunansa a jikin ƙarfe, cewa yake yi in ya karye ga wanda za a nema. Maƙeranmu da majemanmu da marinanmu ma a kan haka suka rayu. A kasuwa ana sanin lauje na gidan wane, ana kuma biyan ƙari a kansa ba gardama. Sai dai suna kadara ne, ana gadonsa, ana sayar da shi. Facom na Faransa, wanda aka kafa a 1918, yana hannun kamfanin Stanley na Amurka tun 2006. Bahco, magajin sufanar Johansson, Snap-on ne ya saye shi a 1999.

Labarin Craftsman ya fi duka koyarwa. Kantunan Sears ne suka fito da sunan a 1927. Sears bai kasance maƙeri ba. Wasu kamfanoni ke ƙera masa kayan, a buga musu sunan. Abin da ya sa magidantan Amurka suka riƙe shi shekara da shekaru alkawari ne guda: in sufana ta karye, ka kai ta kowane kantin Sears a ba ka sabuwa, ba a tambayar rasit. Lokacin da kantunan suka cika ƙasar, cika wannan alkawari bai wuce tafiyar 'yan mintoci ba. Daga baya aka mayar da ƙirar da yawa daga cikin kayan zuwa Asiya, kantunan suka yi ta rufewa, a 2017 aka sayar da sunan ga Stanley Black & Decker a kan abin da ya kai kimanin dala miliyan 900, a 2018 kuma Sears ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Sabon mai sunan ya ci gaba da ba da garanti ta wasu kantuna. Haruffan da ke jikin sufanar suna nan yadda suke, amma mai ƙira ya canza, mai sunan ya canza, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ma ta canza.

A wajenmu abin ya fi haka wuya. Garantin da aka rubuta a kwali a Jamus ko Amurka ba kasafai yake tsallako teku ya iso rumfar kasuwa ba. Shi kuma mai jabu ba ya wahalar da kansa a kan sunan da ba a sani ba. Wanda ya fi daraja shi ake kwaikwaya. Don haka in ka ga babban suna a kan ƙaramin kuɗi, ka tsaya ka yi tunani, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mako biyu bayan abin da ya faru, Baba ya raka ni kasuwar Ƙofar Ruwa da lafiyayyun notoci biyu a aljihunsa, 12 da 14. Muka wuce rumfuna da yawa bai ko waiwaya ba, har muka isa wurin wani mai kayan aiki da ya ce sun shekara 30 suna ciniki. Bayan sun gaisa ya ce masa, "Alhaji, wannan ɗana ne. Abin da za ka ba ni shi za ka ba shi." Alhajin ya ture wasu kwalaye masu ƙyalli gefe, ya ce, "Waɗannan na masu neman araha ne, kuma ina gaya musu ko mene ne kafin su biya." Ya fito da kashi biyu, sababbi 'yan Taiwan da wasu na hannu. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada kowace a kan noti, ya ɗaga bakinta ga haske ya ga ko gefunan sun miƙe, ya bi jikinta da yatsa ko shafen yana ɓarewa, ya duba ko lambar ta nutse sosai a ƙarfe, ya kai racet kusa da kunnensa ya juya ya saurari haƙoran. Na dawo gida da abin da bai cika ƙaramar jaka ba, na biya ninkin-ba-ninkin abin da na ba mai talla, kuma sunaye uku daban-daban ne a jikin kayan.

Tun daga lokacin na fara ganin sufanar nan a wuraren da babu mota. Mu mutane ne masu girmama suna, hakan kuma daidai ne. "Ɗan gidan wane ne" magana ce da ke buɗe ƙofa, ta sa a ba da aure, ta sa a ba da bashi. Amma wanda ya kafa sunan ya sha wuta da duka kafin ya kafu. Wanda ya gada kuwa yana iya riƙe awon, yana kuma iya kwanciya ya bar tambari ya yi masa aiki. Takardar shaida a bango, da rawani, da laƙabin da ke gaban suna, duk hatimi ne, suna faɗin abin da ya kamata a samu a ciki. Ranar da noti ya cije ake sanin ko yana nan. Kuma wanda ya kusa iya aiki ya fi wanda ya ce bai iya ba ɓarna, domin shi za a miƙa wa amana, ya murje ta, ya bar wa na bayansa wahala biyu. Na ga haka a gini, na gani a ɗinki, na gani a ofis. In zan yi wa kaina adalci, ni ma akwai ranakun da aka ba ni aiki na ce zan iya, alhali na san awona bai cika ba, kuma wannan yana damuna. A ɗaya ɓangaren, kowace unguwa tana da mutanen da babu wani tambari a jikinsu, sun dusashe kamar sufanonin Baba, amma kowa ya san in al'amari ya cije ƙofarsu ake bugawa.

Bayan kamar wata takwas, ɗaya daga cikin soket ɗin, mai lamba 17, ya tsage a hannuna ina kwance notin birki. Na sa shi a aljihu na koma kasuwa ni kaɗai, a hanya ina ta shirya bayanin da zan yi. Alhajin ya karɓa, ya juya shi a haske, ya tambaye ni ko na zura wa hannun bututu don ƙarin tsawo. Na ce a'a. Ya miƙa hannu ya ɗauko wani ya ba ni. Na zaro kuɗi, sai ya ce, "Mayar da kuɗinka, Malam. Kamfanin da ya ƙera shi bai san ka ba, ni ma bai san ni ba. Ni na ce maka mai kyau ne." Ya jefa tsagaggen a cikin wani gwangwani, ya juya ga mai ciniki na gaba.

A hanyar dawowa na gane Baba ya riga ya amsa mini tambayata. Sunan da ya kai ni in saya ba ya cikin ukun da ke jikin ƙarfen. Yana zaune a rumfarsa, inda ya shekara 30, inda kuma zan same shi gobe in Allah ya kai mu. Yanzu in wani ya tambaye ni na wane kamfani zai saya, nakan tambaye shi motarsa, in ba shi noti biyu ya sa a aljihu, in kwatanta masa rumfar. Duk lokacin kuma da zan sa hannu a ƙarshen wani aiki nawa, nakan tuna ni ma hatimi nake bugawa, kuma wata rana wani bawan Allah zai jingina a kai da dukan nauyinsa.